Digirin farko a kimiyyar magunguna: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Kuskuren da ya fi tsada a wannan fanni tun ranar cike takardar neman gurbi ake tafka shi. Ɗalibi ya ga kwas mai suna kimiyyar magunguna, ya ɗauka shi ne karatun da ke mai da mutum famasis, mai farar riga a bayan kanta ko a asibiti. Ba shi ba ne. Kimiyyar magunguna karatu ne a kan yadda ake gano magani, yadda ake haɗa shi ya zama ƙwaya ko ruwan allura, yadda jiki ke tsotse shi ya kuma fitar da shi, da yadda ake gwada ingancinsa. Wanda ya gama shi masanin kimiyya ne, amma doka ba ta ba shi ikon karɓar takardar likita ya sallami mara lafiya ba.

A Amurka tun farkon shekarun 2000 hanya ɗaya ce tak ta zama famasis ga mai karatu a can: digirin harhaɗa magunguna na PharmD, sannan jarrabawar lasisi ta NAPLEX da jarrabawar dokokin magani da jiha ke buƙata. A Birtaniya sai an yi digirin harhaɗa magunguna na MPharm na shekara 4, a ƙara shekara guda ta horo a bakin aiki, a ci jarrabawar GPhC, hukumar da ke yi wa famasis rijista. Digirin kimiyyar magunguna, wanda ke cin shekara 4 a Amurka da shekara 3 a Ingila, ba ya kai mutum ga ko ɗaya daga cikin waɗannan rijistoci. Saboda haka duk albashin famasis da ka gani a intanet ka ji ranka ya biya, ka sani ba na mai wannan digiri ba ne.

Wannan ba ya nufin digirin banza ne. Abin da yake nufi shi ne darajarsa ba a jikin takardar take ba. Tana cikin abu biyu: nawa ka kashe kafin ka same shi, da abin da ka ɗora a kansa. Zan kawo alƙaluman Amurka da Ingila domin a can bambancin ya fi fitowa fili kuma gwamnati na wallafa ƙididdiga, amma ma'aunin zai yi wa kowa aiki a ko'ina yake.

Ma'aunai biyar

Na farko uwar kuɗi. Mutane sukan tsaya a kuɗin makaranta, alhali shi ne ma ya fi sauƙin gani. Akwai masauki da ci da sha, akwai kuɗin ruwa idan bashi aka ci, sannan akwai wanda ba ya zuwa a rasit: albashin da da ka ɗauka a shekarun da kake zaune a aji. Duk shekarar da ka ƙara a makaranta sau biyu kake biyanta.

Na biyu abin da zai dawo. A nan tambaya biyu ce, ba ɗaya ba: da nawa za ka fara, kuma ina rufin yake, wato iyakar inda albashin zai kai? Akwai aikin da ke farawa da ƙarfi ya tsaya cak shekara ashirin, akwai mai farawa da rarrafe ya zo ya wuce shi.

Na uku ƙarko, wato ko takardar za ta ci gaba da yin tsada bayan shekara goma sha biyar. Na huɗu sauƙi: samun gurbi, kammalawa, da samun aikin farko. Na biyar haɗari, wato me zai faru da kai idan lissafin bai tafi yadda ka tsara ba. Wannan na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba mai hankali da mai zumuɗi. Da waɗannan ma'aunai zan auna hanyoyi biyar da ke gaban ɗalibi.

Hanya ta ɗaya: digirin farko kaɗai, sai neman aiki

Kuɗinsa daidai yake da na kowane digirin kimiyya a jami'ar da ka shiga, kuma a nan ne tazarar take da ban mamaki. Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana, wadda ke ba da wannan digiri, ta daskarar da kuɗin makarantarta tun 2013, ɗan jiha na biyan ƙasa da dala 10,000 a shekara, wanda ya zo daga wata jiha yana biyan kusan ninki uku. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa kuwa sun haura dala 50,000 a shekara kafin a yi rangwame. Jami'ar Jihar Ohio da ta Michigan da ta Kalifoniya reshen Irvine duk suna da irin wannan digiri. A Ingila gwamnati ce ke yanke iyaka ga 'yan ƙasa: fam 9,250 tun 2017, aka ɗaga zuwa fam 9,535 a 2025. Ɗalibin da ya zo daga waje ba ya cikin wannan iyaka, ya kan biya ninki biyu ko fiye.

Abin lura shi ne kamfanin da zai ɗauke ka aikin gwajin inganci ba zai ƙara maka albashi don ka biya ninki biyar a makaranta ba. Na'urar tace sinadarai da ake kira HPLC iri ɗaya ce a ɗakin gwajin kowace jami'a. Don haka a wannan hanya, arahar digirin ita ce rabin ribarsa.

To wane aiki ake samu? Galibi a masana'antar magani: gwada kayan da aka shigo da su da maganin da aka gama haɗawa, bin diddigin takardu don tabbatar da an bi ƙa'idojin sarrafa magani da ake kira GMP, taimaka wa masu bincike a ɗakin gwaje-gwaje, shirya takardun da ake miƙa wa hukumomi irin su FDA a Amurka da MHRA a Birtaniya da EMA a Tarayyar Turai, kula da bayanan gwajin magani a jikin mutane, ko tallan magani ga likitoci. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a 2023 albashin tsakiya (wanda rabin ma'aikata ke ɗaukar fiye da shi, rabi ƙasa da shi) na mataimakan masu bincike a fannin halittu ya ɗan haura dala 50,000 a shekara, na masanan sinadarai kuma ya haura dala 80,000. Sabon shiga da digirin farko ya fi kusa da lamba ta farko. Albashi ne na rufin asiri, ba na yin fankama ba.

Rufin kuma ya danganta da ɗakin da ka shiga. A sashen bincike, mai digirin farko yakan yi shekaru yana aiwatar da gwajin da wani ya tsara, domin kujerar jagorancin bincike kusan ta masu digirin digirgir ce. Amma a sashen tabbatar da inganci, da sashen hulɗa da hukumomi, da gudanar da masana'anta, ƙwarewa ta fi takarda magana. A Birtaniya da Tarayyar Turai doka ta ce ba za a saki rukunin magani ko ɗaya zuwa kasuwa ba sai wani ƙwararre da aka amince da shi ya sa hannu, kuma ba sai famasis ne kaɗai ke iya kaiwa wannan matsayi ba: mai digirin sinadarai ko ilimin halittu ko makamancinsu da ya tara shekarun aiki ya cika sharuɗɗa zai iya. Kujera ce mai tsoka, kuma ɗalibai kaɗan ne ke jin labarinta suna aji.

Ƙarkonsa matsakaici ne. Ba za a daina shan magani ba, kuma duk ƙwayar da aka buga sai an gwada ta. Sai dai masana'antar tana da kaka da rani. Bayan cinikin rigakafin korona ya faɗi, Pfizer ta shiga rage kashe kuɗi da sallamar ma'aikata a 2023, a daidai lokacin da Eli Lilly da Novo Nordisk ke zuba biliyoyi wajen gina sabbin masana'antu saboda kasuwar magungunan ciwon sukari da rage ƙiba. Ƙananan kamfanonin bincike kuwa rayuwarsu a hannun masu zuba jari take. Kawo sabon magani kasuwa na cin shekara 10 zuwa 15, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka fara gwadawa a jikin mutane ba sa kai labari. Idan maganin da kamfani ya dogara da shi ya faɗi, ma'aikata ne ke fara ji a jikinsu.

Akwai kuma maganar wuri, wadda a ganina ita ce babban sirrin wannan hanya. Ayyukan a dunƙule suke a wasu yankuna: Boston da kewayenta, New Jersey, San Francisco, San Diego, yankin bincike na Karolina ta Arewa, Basel a Siwizalan, Cork da Dublin a Ailan, Haidarabad a Indiya. Famasis kowane gari na buƙatarsa. Masanin kimiyyar magunguna kuwa sai ya bi masana'anta inda take, kuma yawancin waɗannan birane hayar gida a cikinsu na cinye babban kaso na albashi. Wanda ba zai iya barin inda yake ba, ya duba taswira kafin ya duba kwas.

Sauƙi? Shiga ba wuya kamar likitanci, amma ciki akwai duwatsu: kimiyyar sinadaran halittu, lissafin yadda magani ke yawo a jiki, ƙididdiga. Aikin farko ne ya fi wuya, kuma abin da ke buɗe shi ba maki ba ne kawai. Ɗalibin da ya yi wata shida ko shekara yana sanin makamar aiki a kamfani kafin ya gama ya sha gaban mai maki mafi kyau da bai taɓa cike takardar GMP ba. Jami'o'in Ingila da dama na da tsarin shekara 4 mai ɗauke da shekara guda a masana'anta, sau da yawa da albashi. Idan da zaɓi, ni wannan zan ɗauka ido rufe.

Haɗarinsa kaɗan ne muddin bashin kaɗan ne. A Amurka ɗalibin digirin farko da ke ƙarƙashin iyayensa ba zai iya cin bashin gwamnatin tarayya da ya wuce dala 31,000 gaba ɗaya ba. Wannan iyaka kariya ce. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka tsallaka ta aka koma bashin banki ko na iyaye don a biya makaranta mai tsada.

Hanya ta biyu: karatun zama famasis

Nan kuɗin yake, nan kuma bashin yake. Albashin tsakiya na famasis a Amurka ya haura dala 135,000 a 2023. A ɗaya hannun, binciken da ƙungiyar makarantun harhaɗa magunguna ta Amurka ke yi wa masu kammalawa ya nuna waɗanda suka ci bashi na fita da kusan dala 170,000 a wuyansu. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kuɗin ruwan bashin gwamnati ga ɗaliban gaba da digiri ya kai kashi 8 da ɗoriya cikin ɗari.

Bari mu yi lissafin da kowa zai iya yi a bayan ambulan. Bashin dala 170,000 a kan kashi 8, a biya cikin shekara 10, ya kama sama da dala 2,000 kowane wata, jimilla kusan dala 247,000. A ce abokinka ya tsaya a digirin farko ya kama aiki a kan dala 55,000. A shekara 4 da ka ƙara a makaranta ya ɗauki dala 220,000. Wato ranar da ka sa farar riga yana gabanka da abin da ya doshi dala 467,000. A ce daga nan kana ɗaukar 135,000 shi kuma ya tashi zuwa 75,000. Tazarar dala 60,000 ce, za ka cim masa a shekara ta takwas a kan takarda, idan haraji ya ci rabonsa kuma sai ta goma ko bayanta. Lambobin abokin nan misali ne na kawo, ka sauya su da na inda kake. Amma siffar lissafin ba ta sauyawa: riba na zuwa, sai dai a makare, kuma sai ka dawwama a aikin.

Ga inda digirin kimiyyar magunguna ke iya zama asara. Makarantun PharmD da yawa ba sa sharɗanta kammala digirin farko. Shekara 2 ko 3 na darussan share fage sun isa, wasu ma suna da tsarin shekara 6 kai tsaye daga sakandare. Wanda ya tabbata famasis yake son zama, ya yi shekara 4 a kimiyyar magunguna sannan ya ƙara 4, ya biya kuɗin shekara biyu da bai zama dole ba, ya kuma yi asarar albashin famasis na shekara biyu. Wannan ya haura dala 270,000 kafin haraji. Abin da ya saya da su shi ne mafaka idan ya sauya ra'ayi, da ɗan sauƙi a shekarar farko ta PharmD. Wasu jami'o'i na ba da digirin farkon a kan hanya bayan shekarar farko ta PharmD, ba tare da ƙarin lokaci ba. Irin wannan tsari shi ne jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma ya cancanci a tambaya tun kafin a biya kuɗin rijista.

Ƙarko a nan fuska biyu gare shi. Lasisi katanga ce: duk yawan masu neman aiki, wanda ba shi da shi ba zai zauna a kujerarka ba. Amma kasuwar da ke cikin katangar ta sauya. Makarantun harhaɗa magunguna a Amurka sun tashi daga wajen 80 a 2000 zuwa kusan 140, masu fita suka yi yawa, albashi ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya. Manyan kantunan magani, waɗanda su ne suka fi ɗaukar famasis, suna tsukewa. CVS ta sanar a 2021 za ta rufe rassa 900, Walgreens ta sanar a 2024 za ta rufe 1,200, Rite Aid ta shiga kotun fatara a 2023 ta sake komawa a 2025. Aikin asibiti ya fi kwanciyar hankali, amma galibi sai an ƙara shekara ɗaya ko biyu na horon ƙwarewa a kan albashin da bai kai rabin na cikakken famasis ba.

Shiga ya yi sauƙi fiye da da, domin masu nema sun ragu, har an daina jarrabawar share fage ta PCAT a farkon 2024. Kada wannan ya ruɗe ka. Ƙofar da ta yi faɗi wajen shiga ba ta rage tsaurin jarrabawar lasisi ba, kuma makarantu sun bambanta sosai a yawan ɗalibansu da ke ci a zaman farko. Alƙaluman a buɗe suke, a duba su. Mafi munin abin da zai sami ɗalibi a wannan hanya shi ne ya fita a shekara ta biyu ko ta uku: ga bashi, babu lasisi. Kuma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta yanke bashin gwamnatin tarayya ga sabbin masu karatun sana'o'i irin wannan a kan dala 50,000 a shekara da 200,000 gaba ɗaya, daga Yulin 2026. Abin da ya haura sai a nemo a banki, da sharuɗɗan banki.

A Ingila hoton daban ne. MPharm shekara ɗaya kacal ya ɗara digirin kimiyyar magunguna, kuɗin shekara iri ɗaya ne, shekarar horo kuma ana biyan albashi. Bashin karatu na waɗanda suka fara daga 2023 ana cire kashi 9 ne na abin da ya haura fam 25,000 a albashi, a yafe ragowar bayan shekara 40. Tunda haka ne, tazarar farashi tsakanin hanyoyin biyu ƙarama ce, kuma mai MPharm na iya shiga masana'anta idan ya so, alhali mai kimiyyar magunguna ba zai iya tsayawa a bayan kanta ba. Ɗan Ingila da ke da makin shiga MPharm ya zaɓi ɗayan, to ya kasance yana da dalili mai ƙarfi.

Hanya ta uku: a mai da shi tsani

Gaskiyar magana, don wannan aka fi gina digirin. Wanda ke son ya zama mai ƙirƙiro magani ko mai tsara yadda za a haɗa shi, digirin digirgir ne maƙasudinsa, kuma kimiyyar magunguna shimfiɗa ce mai kyau. A Amurka digirin digirgir a fannonin kimiyya yawanci ba a biyan kuɗin makaranta, jami'a ce ma ke ba ɗalibi alawus a madadin bincike da koyarwa. Alawus ne da zai riƙe mutum ɗaya da ƙyar, ba iyali ba, kuma tafiyar shekara 5 ce zuwa 6. A Birtaniya shekara 3 zuwa 4 ce idan an sami tallafi. Albashin tsakiya na masu binciken lafiya a Amurka ya kai wajen dala 100,000 a 2023, a masana'anta kuma yakan fi na jami'a nesa ba kusa ba, ga kason hannun jari a wasu kamfanoni. Babu sabon bashi, rufi a buɗe, amma sai mutum ya doshi talatin kafin ya fara tara wani abu. Haɗarin ba na kuɗi ba ne kai tsaye. Na lokaci ne, da na dogaro ga malami guda wanda idan ba ku jitu ba shekarunka na iya tafiya a banza.

Digiri na biyu labarinsa daban. Shi kai ne za ka biya, shekara ɗaya a Birtaniya, ɗaya zuwa biyu a Amurka. Yana da amfani idan ya nufi wata ƙofa takamaimai, kamar dokokin rijistar magani ko ƙididdigar gwaje-gwajen lafiya. Amma yin sa nan take bayan digirin farko don kawai aiki bai samu ba, ɗage matsala ne da kuɗin ruwa. Dabarar da ta fi ita ce a kama aiki tukuna, domin manyan kamfanoni da yawa na taimaka wa ma'aikatansu da kuɗin ƙaro karatu.

Hanya ta huɗu: a bar sunan magani, a karanta sinadarai ko injiniyanci

Wannan ita ce kishiyar da masu tallan kwas ba sa ambata. Kusan duk tallan aikin da ke neman mai digirin kimiyyar magunguna za ka ga ya ce ko sinadarai, ko sinadaran halittu, ko makamancinsu. Wato mai digirin sinadarai na iya neman aikinka, sannan yana da kasuwar da ba ka da ita sosai: fenti, man fetur, abinci, ruwan sha, batir, kayan shafe-shafe. Abin da ka fi shi shi ne ka riga ka san yaren gidan, ka san yadda ake haɗa ƙwaya da abin da hukuma ke nema. Fifiko ne na gaske, amma na shekara biyun farko ne, bayan nan aiki ya koya masa.

Injiniyan sinadarai kuwa a fagen kuɗi ya fi su duka a matakin digirin farko. Albashinsa na tsakiya a Amurka ya haura dala 110,000 a 2023, kuma masana'antun magani na buƙatarsa don mai da abin da aka haɗa a ƙaramar kwalba ya zama tan-tan. Farashinsa lissafi ne mai zafi, wanda ke kayar da ɗalibai da yawa tun a shekarar farko.

Hanya ta biyar, a gurguje: mataimakin famasis. Horon watanni ne zuwa shekara biyu, kuɗi kaɗan, aiki a kowane gari, albashin tsakiya wajen dala 40,000 a Amurka a 2023, rufi a kusa. Ba madadin digiri ba ne, amma hanya ce mai araha ta leƙa cikin sana'ar kafin a ci bashi dominta. Abin takaici shi ne a ga wanda ya gama digirin shekara 4 ya ƙare a wannan kujera saboda babu masana'anta a inda yake.

| Hanya | Shekaru | Tsada | Albashin farawa | Rufi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Digirin farko kaɗai | 3 zuwa 4 | Ya danganta da jami'a | Matsakaici | Ƙasa a bincike, sama a sashen inganci da hulɗa da hukumomi | Rashin masana'anta a kusa, sallama |
| Famasis | 5 a Ingila, 6 zuwa 8 a Amurka | Babba a Amurka, matsakaiciya a Ingila | Babba | Ba ya nisa da inda aka fara | Bashi, faɗuwa kafin lasisi |
| Digirin farko da digirgir | 6 zuwa 10 | Kuɗi kaɗan, lokaci mai yawa | Babba, a makare | A buɗe | Shekaru su tafi ba a gama ba |
| Sinadarai | 3 zuwa 4 | Daidai da na farko | Matsakaici | Kamar na farko | Gasa da masu digiri da yawa |
| Injiniyan sinadarai | 3 zuwa 5 | Daidai da na farko | Sama da matsakaici | Sama | Lissafi ya kayar da kai |
| Mataimakin famasis | Watanni zuwa 2 | Ƙarama | Ƙarami | A kusa | Tsayawa wuri ɗaya |

Wa ya dace da wacce

Idan marasa lafiya kake son yi wa hidima kuma ka tabbata, nufi karatun famasis ta hanya mafi gajarta da araha. Kada ka biya cikakken digirin kimiyyar magunguna a matsayin share fage sai dai idan yana zuwa ne a cikin tsarin ba tare da ƙarin shekara ba.

Idan ɗakin gwaje-gwaje ne ke jan ka, kana jin daɗin tambayar da ba a san amsarta ba, digirin ya dace da kai, da sharaɗin ka shiga kana sane cewa zango na farko ne. Nemi jami'ar da ɗaliban digirin farko ke samun shiga binciken malamai, domin wasiƙar malamin da ya ga aikinka ita ce za ta buɗe maka gurbin digirgir mai tallafi.

Wanda ke buƙatar albashi da wuri, ko akwai masu jiran ya fara ɗaukar nauyinsu, zai iya cin ribar digirin idan abu uku sun haɗu: ya same shi da araha, akwai zangon sanin makamar aiki a cikinsa, kuma yana shirye ya koma inda masana'antu suke. Biyu cikin uku, a yi tunani. Ɗaya kawai, sinadarai ko injiniyanci ya fi masa.

Wanda bai yanke shawara ba tukuna, sinadarai ko sinadaran halittu sun fi barin ƙofofi a buɗe, kuma darussan shekara biyun farko kusan ɗaya ne, ana iya sauyawa ba tare da babbar asara ba. Mai ƙarfin lissafi da kuɗi ne a gabansa, ya tafi injiniyanci.

Wanda ba ya cin bashi mai ruwa ko kaɗan, PharmD a Amurka zai yi masa wuyar kaiwa sai da tallafi mai kauri. Digirin farko mai araha, sannan digirgir mai alawus ko ƙarin karatu da kuɗin kamfani, ita ce hanyar da ta fi dacewa da shi.

Ɗalibin da zai je wata ƙasa kuwa lissafinsa ya fi na kowa tsauri: yana biyan farashi mafi tsada, bashin gwamnatin ƙasar ba nasa ba ne, kuma izinin aiki bayan kammalawa na iya sauyawa kafin ya gama. A wurinsa ya fi dacewa ya yi digirin farko inda ya fi araha, ya ajiye tafiyar zuwa matakin digirgir, inda jami'a ce za ta biya.